Farcen Ukasha

Ba ni da shaida sai jikinsa.
Watansa takwas, bakinsa bai iya kai ƙara ba,
sai miyau, da haƙori ɗaya mai leƙe.
Don haka kullum in mun dawo daga Rafindadi
nakan shimfiɗa Ukasha a kan zane
in duba shi yadda nake duba littattafan 'yan aji huɗu:
ƙarƙashin wuya, inda gumi ke ɓuya,
bayan kunne, matsematsin cinya.
In shinshina kansa ko ya sha hayaƙi,
in ɗaga kwalbar kunu saitin fitila
in ga inda aka tsaya.

Gwaggo Lantana ba jinina ba ce.
Wata malama ta yi mini kwatance:
"Bayan masallaci, gida mai lemun tsami a tsakar gida.
Ita ta reni rabin unguwar."
Rabin unguwa ba nawa ba ne.
Nawa ɗaya ne.

Ran Talata na ga karce a kumatunsa,
ja, siriri kamar zare.
Ban tambaya ba. Na goya shi na fito,
na kwana da tambayar a ƙarƙashin harshe.
Mijina ya ce, "Yaro ne fa, Barira, ba ƙwai ba."
Na ce, "Ƙwai in ya fashe ai kowa na gani."

Laraba na bar wa 'yan ajina lissafi a allo,
na ce wa hedimasta kaina ke ciwo,
kuma ba duka ne ƙarya ba.
Ƙarfe sha ɗaya, lokacin da ba mai tsammanina,
na tuɓe takalmi a zaure kamar ɓarauniya
na laɓe bayan asabari.

Tana zaune, ƙafafu a miƙe.
Shinkafar da take tsinta an ture ta gefe,
kaza har ta fara yi mata ɓarna.
Ukasha na rigingine a cinyarta,
ɗan yatsansa tsakanin nata biyu,
sabuwar reza, numfashi a riƙe.
Sai ta gama yatsa ɗaya take magana,
hira irin ta manya:
"Malam, kai ka yanki kanka jiya,
uwarka ta tafi ko kallona ba ta yi ba.
Mi zan ce mata? Ai ba ta tambaya ba."
Shi kuwa ya kama bakin ɗankwalinta yana ja,
yana wannan dariyar mai ƙarewa da shaƙuwa,
wadda na zaci ni kaɗai ke da makullinta.

Farcen nan, tun Juma'a nake cewa zan yanke.

Na yi sallama.
Ba ta razana ba.
Ta dubi ƙafata ba takalmi, ta dubi inuwar katanga,
ta ce, "Yau an tashi da wuri,"
ta matsa mini gefen tabarma.
Ba ta ƙara ba.
Da ta ƙara, da ya fi mini sauƙi.

Na miƙa hannu, ya zo, ya kama nono,
amma ƙafarsa ɗaya na can kan gwiwarta,
yana taɓawa yana saki,
kamar mai tabbatar da ba a ɗauke masa ƙasa ba.

Wasu sun ce in ya yi kuka da safe, alama ce.
Wasu sun ce in bai yi ba, ita ce alamar.
Kowa da mudunsa.
Ba wanda ya faɗa mini
cewa abin da nake roƙo a sujada,
ranar da zan gan shi da idona,
zai tsaya mini a maƙogwaro.

Da zan tafi ta kira ni daga bakin zaure,
ta danƙa mini ƙullin takarda,
bai kai nauyin ƙwayar gero ba.
"Farcensa ne. Ki binne da hannunki.
Ni reno aka ba ni."

Daren nan kansa na ƙanshin man kaɗanyarta.
Na duba wuyan, don hannu ya riga ya saba.
Ruwan wanka ya huce a bokiti
ina zaune, ban tashi ba.